Murfin da Ya Tafi Cikin Tukunya

Malam Dabo na Gidan Baushe, wani ƙauye a gabas da Minjibir, ba mutum ne da za a tsaya ana kallo ba. Gajere ne mai faɗin ƙafa, da ɗan gemu da ya ƙi cika har ya yi fari. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai je Makka ba, karatunsa kuma ya tsaya inda zai ishe shi salla. Abin da ya iya shi ne noma, sai taɓa inji. Noman gado ne. Injin kuwa dole ce ta koya masa, domin mai noman rani da zai jira bakanike ya zo daga gari ya gyara masa injin ban-ruwa, albasarsa za ta bushe yana kallo.

Yana da gonar tudu a bayan gida, gero da dawa da gyaɗa, iyaka da iyaka da na maƙwabta. Ita ke ciyar da gidan. Yana kuma da gonar fadama, can nesa bayan rafi, inda yake albasa da rani. Ita ke yi masa sutura, ta sayi maganin matarsa Kaltume, ta sa ya miƙa hannu a wajen suna ba tare da ya jira aike daga 'ya'yansa ba.

Tun yana da ƙarfinsa ya sayi babur, Honda Rodmasta mai salansa biyu, a hannun wani malamin gona da aka yi wa canjin wurin aiki. Babur ɗin ya ɗauki albasa, ya ɗauki taki, ya kai masu naƙuda asibiti. Wata shekara wani ƙaninsa ya ara ya tafi biki, bai duba baƙin mai ba, inji ya buga a hanya. Dabo ya turo shi gida, ya jingine a zaure, ya rufe da tsohuwar tabarma, ya koma zuwa fadama a ƙafa. Kaji suka yi ta ƙwai a ƙarƙashinsa shekara da shekaru.

Sai gwiwoyi suka fara ba shi labari.

Bayan an gama yankan dawa, ɗansa Abdulmumini, mai sayar da yadi a birni, ya zo gida. Ya gaishe shi, ya zauna a gefen tabarma yana wasa da makullin shago.

"Baba, gonar fadamar nan a ba da ita haya bana. Jamil mai gona kusa da taka ya yi mini magana."

"Da kai ya yi? Gonarka ce?"

"Ya san in ya zo wurinka korarsa za ka yi."

"Ashe yana da hankali."

"Baba, bara a gindin kuka aka tsince ka zaune, ƙafa ta ƙi. Sai a ce mun bar ka kana wahala."

"Hutawa nake yi. An hana tsoho hutawa?"

"To ka riƙa hawa acaɓa."

"Safe da yamma, har a cire albasa? Ka ce in noma wa mai acaɓa kawai."

Su duka sun san maganar da ta rage ita ce ta sabon babur, sun kuma san yadda kasuwa take. Dabo ba ya son ya ga ɗansa ya sunkuyar da kai, sai ya nuna tabarmar da ke kusurwar zaure da haɓa.

"Ga babur nan."

Abdulmumini ya yi dariya. "Baba, wannan ai ya girme ni."

"Ni ma na girme ka, ga ni ina numfashi."

A nan suka tsayar da magana. Dabo ya riga ya yafa irin albasa a bayan gida. In babur ya tashi ya kai shi fadama kafin irin ya wuce dashe, gona tana hannunsa. In bai tashi ba, a ba Jamil, don shi ma kada lokaci ya wuce masa.

Dabo ba shi da akwatin kayan aiki. 'Yan sifanu ne a cikin buhun taki, da filaya, da guduma. Amma yana da tsarinsa. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, duk abin da ya kwance ya ajiye bi da bi, daga bakin ƙofa zuwa ciki, yadda in ya zo mayarwa zai faro daga ciki ya nufo ƙofa. Notuna kuwa kowane rukuni da gwangwanin tumatirinsa. Ya hana kowa ratsa zauren. Masu shiga gida suka koma bi ta wajen turken awaki, suna gunaguni.

Fistin ɗaya ya liƙe a cikin bulok ɗin inji. Ya zuba masa kananzir ya bar shi ya jiƙa. Kullum da safe ya ɗora guntun iccen tsamiya a kai ya ɗan doka, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Ranar da ya motsa, Dabo bai ce wa kowa komai ba, sai dai ya nemi ƙarin tuwo.

Ya sayar da harawa da ɗan akuya, ya hau motar Kano, ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa yana tambaya rumfa rumfa. Yaran da ke wurin ba su ma san irin babur ɗin ba. Daga ƙarshe aka kai shi wurin wani dattijo a can lungu, wanda ya tono masa fistin na hannu daga ƙasan wani buhu. Ringi ya sayi sabo, da gaskit na kan inji, shimfiɗar da ke hana yoyo, don wannan wuta ke ci, ba a yi masa dabara. Sauran gaskit ɗin da kansa ya yanka daga kwali: ya ɗora kwalin a bakin ƙarfe yana bi da guduma har bakin ya yanke shi daidai. Bawul kuwa ya zauna yana murza su tsakanin tafukan hannu don su zauna sosai.

Kaltume ta leƙo ta ga yadda yake yi. "Malam, ashe ka iya burga miya? Da tun tuni ka taya ni, da na huta."

"Koma ciki, kada ki taka mini noti."

To, kowace mace a ƙauyen tana da buhun da take tara dalma, farin ƙarfen nan mara nauyi: ɓulalliyar tukunya, karyayyen ludayi, gwangwanin lemo. In ya yi nauyi sai ta kai wa Mika'ilu mai zubin tukwane a Minjibir ranar kasuwa, ya narka ya zubo mata sabuwar tukunya, ladan aiki kawai za ta biya. Babbar tukunyar Kaltume ta daɗe da ɓulewa, buhunta kuma saura kaɗan ya kai. Da ta ga Dabo yana fitar da tarkace, sai ta ce kada ya zubar. Ya ce mata, "Duk abin da kika gani a gindin katangar madafa, na gama da shi, ki ɗauka." Nan ya riƙa jefa mata tsohon fistin da karyayyen hannun birki da sauransu.

Wata safiya ya wanke murfin kan inji tas da kananzir, ya nemi inda rana take ya shanya shi. A wannan lokacin na safe, rana a gindin katangar madafa take faɗuwa. Ya jingine shi can, aka aiko ana kiransa jana'iza a ƙauyen gaba, ya tafi. Ranar kasuwa ce.

Bai lura ba. Murfin shi ne abin da ya fara kwancewa, don haka shi ne na ƙarshe a wajen mayarwa. Kwanaki suka wuce yana haɗa inji, tabarma tana raguwa, har ya iso bakin ƙofa ya miƙa hannu ya ji wayam. Ya ɗaga tabarmar. Ya duba bayan ƙofa, ya leƙa akurki. Sannan ya shiga gida. Kaltume tana gaban murhu tana tuƙa tuwo a sabuwar tukunya mai ƙyalli.

"Kin ga wani farin ƙarfe mai kama da akushi?"

"Mai huji a gefe-gefe?"

"Shi."

Ta nuna tukunyar da muciya. "Ga shi nan yana dafa maka tuwo."

Dabo ya tsaya yana kallon tukunyar. Tuwo yana ta ɓal-ɓal.

"Ke yanzu kin dubi abu wankakke fes, kin ce shara ne?"

"Ni na san wankin bakanike? Kai ka ce abin da ke gindin katanga."

"Na ce wanda na gama da shi."

"An rubuta a jikinsa?"

Laifin nasu ne su biyu, kuma kowa ya sani, shi ya sa faɗan bai yi nisa ba. Dabo ya ci tuwon, don ƙin ci ba zai dawo da murfi ba. Amma abin ya dame shi. Ba murfi, baƙin mai zai yi ta feshi, ƙasa ta shiga inji ta cinye duk aikin da ya yi. Ya sa aka kira dattijon Ƙofar Ruwa a waya, dattijon ya ce irin wannan 'yan gwangwan sun narke su tuntuni. A bayan gida kuwa irin albasa ya wuce tsawon yatsa yana ta kauri.

Kashegari ya tafi Minjibir da niyyar ya sauke fushinsa a kan Mika'ilu. Ya same shi tsugune gaban wuta, baƙi ƙirin da gawayi.

"Kai duk abin da aka kawo maka narkawa kake yi? Ba ka tambaya?"

"Baba Dabo, sana'ar ke nan. Ai na gan shi. Har na yaba wa Inna, na ce wannan dalma mai kyau ce."

"Ka yaba."

"Wallahi na yaba." Mika'ilu ya share gumi da gefen riga. "Amma in za ka samo mini irinsa in danna a ƙasa, zan zuba maka wani. Murfin tukunya ma zuba shi muke yi."

Dabo ya san inda irinsa yake, abin da ya sa ya yi tsaki ke nan. A duk yankin mutum ɗaya ne ke da Rodmasta mai tafiya: Malam Zubair na Zakirai, malamin makarantar allo, ɗan ƙanwar mahaifin Dabo, wato taubashinsa. Tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba a tsokani juna ba. Zubair ya sayi nasa ne a shekarar da Dabo ya saya, don kada a ce an fi shi. Nasa yana nan lafiya lau, domin bai taɓa ba kowa aro ba, kuma daga masallacin Juma'a sai ɗaurin aure yake kai shi.

Zubair ya saurari labarin har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa wajen tuwon, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Ka ce yanzu gidanka da inji ake tuƙa tuwo! Giya nawa take sa masa?"

"Za ka ba ni aro ko ba za ka ba ni ba?"

"In ba ka? Mutumin da matarsa ke dafa babur? In na ba ka murfi, ludayi za a dawo mini da shi."

"Kai dai rowa ce ta hana naka tsufa. Babur kamar amarya, kullum a ɗaki."

"Amarya tana nan. Taka tana cikin ciki."

Bai ba shi ba. Abin da ya yarda da shi shi ne ya hau babur ɗinsa da kansa zuwa rumfar Mika'ilu, a kwance murfin a gaban idonsa, a mayar a gaban idonsa.

Saura abin narkawa. Dabo ya ce wa Kaltume ta kawo tukunyar, tunda murfinsa na ciki. Ta ce tukunya ta riga ta hau wuta, ta zama ta gida, ba inda za ta. Ta shiga ɗaki ta fito da wata lotsattsiyar buta da marfin tukunya mara hannu, ta ajiye masa. Ya ɗauka.

Ranar zubin, Zubair ya iso da hantsi cikin babbar riga, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka jira inji ya huce. Dabo ya sa sifana, Zubair yana tsaye a kansa.

"A hankali, ba gatari ba ne."

"In ka iya, karɓa."

Mika'ilu ya cika akwatin katako da ƙasa mai ɗan danshi, ya barbaɗa toka, ya danna murfin, ya daddaɓe. Kafin ya ɗaga shi sai ya ɗan girgiza shi a cikin ƙasar. Zubair ya ce me ke nan, za a ɓata masa kaya. Mika'ilu ya ce dalma in ta huce tsukewa take yi, dole a ba ta ɗan fili. Ya jefa butar Kaltume a wuta, ya ƙara da wani tsohon fistin mota daga nasa tarin, ya ce wannan kyauta ce saboda yabon da ya yi.

Zubin farko ya fito da ramuka kamar waina. Ƙasar ta yi ruwa da yawa. Zubair ya ɗauka ya ɗaga wa rana, ya ce a kai wa Kaltume ta tace koko. Dabo kuwa yana tunanin irin albasa ne, wanda da safe ya ga bakin ganyensa ya fara ja. Mika'ilu ya fasa shi ya mayar wuta, ya sake haɗa ƙasa. Suka yi azahar, suka sayi rake suka sha. Zubi na biyu ya fito da kaushi da nauyi, amma ba rami ko ɗaya. A tsakiyarsa ga ɗan tauraron da Mika'ilu ke bugawa a jikin duk tukwanensa. Ya ce hannu ne ya saba, bai ma san ya buga ba.

Zubair ya duba murfinsa ciki da baya, ya sa aka goge, aka mayar, ya hau. Kafin ya tafi ya ce, "In ya tashi ka zo Zakirai mu yi tsere."

"Kai da ba ka wuce giya biyu."

Sauran aikin na haƙuri ne. Dabo ya kai murfin wurin mai walda aka huda masa ramukan noti, ya dawo gida ya shimfiɗa samfefa a kan gilashin taga, ya zauna yana goga bakin murfin, yana gwadawa, yana sake gogawa, har ya zauna a kan inji ba ya rawa. Ya zuba baƙin mai, ya wanke tanki, ya sa sabon fulogi, ya aika wa Abdulmumini cewa ya zo.

Abdulmumini ya zo ranar Juma'a, shi da Jamil, domin Jamil ya ce yana son ya san matsayinsa. Aka fito da babur ƙofar gida. Dabo ya ɗora ƙafa a kik ya taka. Gwiwar ta amsa tun kafin injin ya amsa. Ya sauke ƙafar a hankali, ya riƙe kan babur, ya yi kamar yana duba wani abu a tanki.

"Kawo, Baba," in ji Abdulmumini.

Ya buga, ya sake bugawa, inji ya yi tari. Ya ƙara, sai ya kama da wata murya mai kauri da ƙauyen ya daɗe bai ji ba. Hayaƙi ya turnuƙe, awaki suka tsinke da gudu. Kaltume ta leƙo daga zaure, ta saurara, ta ce, "To, madalla," ta koma ciki.

Abdulmumini ya yi murmushi, amma bai saki maganar ba. "Baba, ya tashi. Gobe wa zai buga maka? A fadama fa, in za ka dawo?"

Tambaya ce ta gaskiya, Jamil ma ya gyara tsayuwa. Dabo ya kashe injin. Ya kama kan babur ya tura shi sannu a hankali zuwa tudun da ke gefen masallaci, inda hanya ke gangarawa wajen rijiya. Ya hau, ya sa giya, ya riƙe kuloci, ya ɗaga ƙafa. Babur ya fara gangarawa shiru. Da ya yi ɗan gudu sai ya saki kulocin. Babur ya yi tsalle kaɗan, ya kama. Dabo ya zagaya rijiya, ya dawo ya tsaya a gabansu, inji yana aiki.

"A fadama akwai gaɓar rafi," in ji shi. "Ta fi wannan gangara."

Abdulmumini ya dubi Jamil. Jamil ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Allah ya ba da amfani, Baba Dabo. In iri ya yi maka yawa, ka tuna da ni."

"In ya yi yawa."

Da sassafe Kaltume ta taya shi cire irin, suka jera a kwando, suka yayyafa ruwa, aka ɗaure a bayan babur tare da wata 'yar kujerar tsuguno. Babur bai warkar da gwiwa ba. Dashen a zaune Dabo ya yi shi, yana dasa iya inda hannunsa ya kai, ya ja kujera gaba, ya ci gaba. Wani ɓangare na irin ya riga ya tsufa, bai kama ba, wanda ya kama kuma ya yi kyau. Murfin yana ɗan tsatsar mai ta gefe ɗaya, ya naɗa masa tsumma, yana canzawa ranar Juma'a.

Jamil, daga tasa gonar, ya kan ji ƙarar tun daga bayan rafi, ya ɗaga kai. Dabo ya kan ajiye babur a can saman gaɓa, kansa yana kallon gangara, ya tokare taya da dutse, ya kwance kujerarsa, ya sauko a hankali zuwa cikin albasarsa.